Faci Ko Sabuwa? Yadda Za Ka Yanke Hukunci Idan Tayar Mashin Ta Sace

Tambayar mai faci a Gombe ba ta canzawa, ko a Tashar Dukku ne ko a Pantami ko a bakin titin Kumo: "Oga, a liƙe ne ko a sa sabo?" Yana tsugune ya zaro tiyub ta gefe ɗaya, kai kana tsaye rana na dukanka, hankalinka na kan abin da ya rage a aljihu. Yawancinmu "liƙe kawai" muke cewa, kuma sau da yawa hakan ne daidai. Inda gizo ke saƙar shi ne, a kan tiyub kaɗai ake yanke wannan hukunci. Tayar da ƙusa ta fara ratsawa, wadda ita ce ke ɗauke da kai da fasinja da buhun masara, ba wanda ya leƙa cikinta. Tiyub iska kawai yake riƙewa, ɗaukar nauyi da kama titi duk aikin taya ne. Don haka tambayoyi biyu ne a gabanka duk ranar da ka yi faci: tiyub zai gyaru kuwa? Ita kuma tayar, da sauran amana a jikinta? Ta biyun ce ke kai mutum asibiti idan aka amsa ta da ka.

Tun kana kan mashin

Abin da ka yi a mintin farko shi ke nuna ko kuɗin faci za ka biya ko na sabuwar taya. Idan ƙafar baya ce ta sace, za ka ji gindin mashin yana lilo hagu da dama. Idan ta gaba ce, kan mashin zai yi nauyi ya ƙi juyuwa. Kada ka danne birki da ƙarfi, balle na ƙafar da ta sace. Saki totur a hankali, riƙe kan mashin da kyau, bari gudun ya ragu, sannan ka taɓa birkin ƙafar da ke da lafiya ka gangara gefe.

Da ka tsaya, sauke fasinja da kaya ka tura. Na san akwai jin kunya a ce wa mutum ya sauka, na kuma san mai faci "ga shi can kusa". Amma taya marar iska, bakin rim ne ke niƙa ta a kan kwalta. Zaren da ke cikin gefenta yana karyewa, tiyub yana taunuwa, bawul yana tsinkewa. Tafiyar da ba ta kai daga wannan shataletale zuwa na gaba ba ta isa ta kashe tayar da ƙusa ɗaya ce kawai ta huda. Idan turawa ta yi wuya saboda hawa, tayar da injin, sa giya ɗaya, ka riƙa bin mashin a ƙasa.

Wuri guda ne zan ce ka hau a haka: dare a daji. Wanda faci ya kama tsakanin Billiri da Kaltungo bayan isha, inda ba don ado aka yi asibitin saran maciji ba, ransa ya fi taya. Ya lallaɓa a hankali zuwa cikin mutane, amma ya sa a ransa cewa ya sallama wannan tayar.

Mataki na farko: san irin tayar da ke ƙafarka

Duba gefen taya, za ka ga an rubuta TUBE TYPE, wato mai tiyub, ko TUBELESS, wato tiyubles marar tiyub. Yawancin mashinan acaɓa da na ƙauye, irin su Boxer da Jincheng, masu tiyub ne, kuma duk ƙafar da ke da sufok kusan kullum mai tiyub ce, don iska za ta zurare ta ramukan sufok ɗin. Rim na alminiyan ba shi ne shaidar tiyubles ba. Akwai masu irin wannan rim da tiyub a ciki. Rubutun jikin taya da yanayin bawul su za ka bi.

Bambancin yana da muhimmanci. Mai tiyub idan ta huje, iska kan fice da sauri, wani lokaci nan take. Tiyubles kuwa takan riƙe ƙusar ta riƙa sacewa sannu a hankali. Shi ya sa idan taka tiyubles ce ka ga kan ƙusa a jikinta, kada ka zare. Ƙusar ce ta toshe ramin. Ƙara iska, ka kai ta wurin gyara da ƙusarta.

Mataki na biyu: daga ina iskar ke fita?

Mai faci da ya san aiki, kafin ya taɓa ƙarfe zai dangwali yawu ya shafa a bakin bawul. Idan ya yi kumfa, ƙila ɗan ƙaramin ƙarfen cikin bawul ne ya saki ko ya mutu, a ɗaure shi ko a canza, an gama. Mutane da dama sun biya kuɗin kwance ƙafa a kan wannan ɗan abu.

Idan ba nan ba ne, sai a zaro tiyub a hura, a tsoma a kwanon ruwa. Tsaya a kansa ka gani da idonka, kuma kada a tsaya a kumfar farko. A zagaya da tiyub ɗin duka, domin ƙusar da ta daɗe ana tafiya da ita takan huda wuri biyu ko uku.

Wurin da ramin yake a jikin tiyub yana ba da labarin abin da ya faru. Idan ta bayan tiyub ne, ɓangaren da ke fuskantar titi, ƙusa ce ko ƙaya ko waya. Idan ta ciki ne, ɓangaren da ke kwance a kan rim, laifin na ƙafar ne: kan sufok ya leƙo, ko tsatsa ta ci rim, ko robar nan da ke zagaye rim tana rufe kawunan sufok ta tsinke. Liƙe irin wannan ba tare da gyara rim ba, gobe za ka dawo. Idan ka ga 'yan tsaga biyu a jere kusa da juna, rami ka faɗa da ƙarancin iska, rim ya matse tiyub. Wannan ya yawaita da damina, lokacin da ruwa ke zaizaye bakin tituna a cikin garin Gombe yana ɓoye ramuka. Idan a gindin bawul ne ya yage, taya ce ta riƙa zamewa a kan rim tana jan tiyub saboda ƙarancin iska. Idan kuma ɗan yanka ne a gefe mai lanƙwasa, akwai yiwuwar ƙarfen wanda ya yi maka facin baya ne ya cije shi.

Kafin a ajiye tiyub, a auna nisan ramin daga bawul. Da wannan za a gane daidai wurin da za a bincika a jikin taya.

Mataki na uku: a cire tayar a leƙa cikinta

Nan ne jigon maganar, kuma nan ne ake tsallakewa. Saboda sauri, da yawa daga masu faci ba sa kwance ƙafar baya. Sukan ɓanɓare leɓe ɗaya, su jawo tiyub, su liƙe, su zura hannu su shafa sau ɗaya, su mayar. Ba mugunta ba ce, layi ne ke jiransu, kuma mu ɗin ne ke azalzalarsu. Kai ne za ka nema: "Malam, don Allah kwance ƙafar duka, ina so in ga cikin tayar. Zan ƙara maka na wahala." Ban taɓa ganin kuɗin da ya fi wannan ɗan ƙarin amfani a harkar taya ba.

Idan an cire, a kai ta haske. A fara bin cikinta da tsumma kafin yatsa, don siririyar wayar da ke fita daga fasassun tayoyin manyan motoci, irin wadda ake tsinta a hanyar Bajoga da Ashaka inda tireloli ke yawan bi, tana tsaga yatsa. Tsumma zai maƙale a inda take. Masu shiga gona da hanyoyin daji kuma su kula da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Takan karye a cikin roba, daga waje ba a ganin komai, daga ciki ma ba a jin ta sai an lanƙwasa tayar. Sai ka hau, nauyi ya danna, tsinin ya leƙo ya sake huda tiyub. Duk wanda ke yin faci a wuri ɗaya sau biyu, sau uku, ya daina zargin mai faci ko tsautsayi. Akwai abin da aka bari a cikin tayar.

Bayan an fitar da abin da ya huda, ga abin da za ka duba.

Wurin da ramin yake. Kalli faɗin fuskar tayar da ke taka ƙasa ka raba shi huɗu a ranka. Kashi biyun tsakiya su ne inda gyara ke karɓuwa. Kafaɗa, wato inda zane ke gangarawa gefe, da kuma gefen kansa inda rubutu yake, ba a gyara su. Dalili kuwa shi ne gefen taya ba ya hutawa: duk zagayowa sai ya lotsa ya miƙe, kuma ƙafa mai inci 17 tana zagayawa fiye da sau 500 a kowace kilomita. Babu facin da zai jure wannan lanƙwasa, ga shi robar wurin siririya ce. Kafaɗa kuma a kanta mashin ke kwanciya idan za ka sha kwana. Rami a gefe, hukuncinsa ɗaya ne, a canza.

Girman ramin. Iyakar da kamfanonin taya suka fi ambata ita ce milimita 6, wato bai kai kaurin fensir ba. Ƙa'idar gyaran taya ta Ingila ta fi haka tsanani ga babura: milimita 6 da faci biyu ga tayar da harafin gudunta (harafin da ke gefen taya mai nuna iyakar gudun da za ta jure) bai wuce J ba, wato kilomita 100 a awa, wadda ta wuce haka, milimita 3 ne kuma faci ɗaya tak, masu gudun tsiya kuwa ba a yarda a gyara su ba sam. Ba ina cewa a Tudun Wada za a bi wannan sau da ƙafa ba, amma ya nuna maka yadda masu ƙera abin ke kallonsa. Ƙusa 'yar inci biyu ko ƙaya, ba damuwa. Kusurwar rodi ko noti ko guntun ƙarfe, wannan wata magana ce.

Siffarsa. Ƙusa takan ratsa tsakanin zare ta bar rami zagayayye. Kwalba da langa-langa da dutse mai kaifi kuwa yanka suke yi, su datse zaren. Kama tayar ka buɗa wurin da hannu biyu. Idan ya wage baki har ka hango zare a tsintsinke, ƙashin tayar ya karye. A nan ne za a ce maka, "Bari in sa maka guntun taya a ciki, za ta kai ka." Gaskiya ne za ta kai ka, amma gida. Guntun tsohuwar taya da ake shimfiɗawa a ciki yana hana tiyub leƙowa na ɗan lokaci, sai dai bakinsa yana goge tiyub, yana tara zafi, yana sa ƙafa tsalle, tsagar kuma tana ci gaba da buɗewa a ƙarƙashinsa. Haka ɗinki da zare. Dabarun fita daga daji ne, kada su zame maka gyara.

Lafiyar cikin. Idan ka ga baƙin gari na roba ya taru a ciki, ko wani layi mai tamoji ya zagaye gefen tayar ta ciki, ko zare ya tashi yana reto, an yi tafiya da ita babu iska kuma ta ƙone. Daga waje za ta yi kyau, amma ta gama aiki. Duba leɓenta ma, inda take kama rim. Akwai waya a ciki. Idan ta fito fili ko ta karye ko ta lanƙwashe, tayar na iya kuɓucewa daga rim. Bayan an hura kuma, juya ƙafar ka shafa gefe da gefe. Duk wani ƙullutu ko kumburi yana nufin zare ya tsinke a ƙarƙashi, iska ce ke turo robar. Irin wannan ce ke fashewa ba sallama.

Idan tayar ta tsallake duk waɗannan, ko da mai tiyub ce, ka sa a manna ɗan faci a ramin ta ciki. In an bar shi a buɗe, yashi da ruwa za su riƙa shiga, yashin ya goge tiyub, ruwan ya ruɓar da zare da rim.

Mataki na huɗu: tayar ta cancanci a kashe mata kuɗi?

Ramin na iya zama ƙarami a tsakiya, amma tayar ta tsufa. A gefenta nemi ɗan alamar kusurwa uku ko haruffan TWI. Bi saitinsa zuwa cikin zane, za ka ga ɗan tudu a cikin kwarin. Idan fuskar taya ta siɗe ta yi daidai da wannan tudu, zanen ya ƙare, abin da ya rage bai kai milimita ɗaya ba. Siɗaɗɗiyar taya ba ta korar ruwa, ba ta kama yashin da iska ke watsowa kan kwalta, kuma komai ƙanƙantar abu huda ta yake yi domin naman ya ƙare. Faci a kanta asarar kuɗi ne.

Sai shekaru. A tayoyi da yawa akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye a gefe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 yana nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana wa'azin cewa shekara huɗu daga ranar ƙira ne wa'adin taya. Kamfanin taya na Michelin kuwa cewa yake a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara bayan ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko da ta yi kyau a ido. A zafin Gombe na Maris da Afrilu, da ke kaiwa digiri 40, ga mashin yana yini a rana a bakin ofis ko kasuwa, ni na fi karkata ga lissafin farko. Alamar tsufa a fili take: roba ta taurare, farce ba ya shiga, gefe ya tsattsage kamar faso a dunduniya lokacin hunturu. Ɗan acaɓa ba kasafai yake kai wa nan ba, zanensa ke riga ƙarewa. Wannan matsalar ma'aikaci ce da dattijon da ke hawa daga gida zuwa masallaci, wanda zai ce maka, "Ai zanenta ko taɓuwa bai yi ba."

Mataki na biyar: shi kuma tiyub

Littattafan da ke zuwa da sababbin mashina sukan ce a canza tiyub maimakon a liƙe. A zahiri, faci mai kyau a kan ƙaramin rami yana daɗewa. A liƙe idan ramin ƙusa ne ko ƙaya, yana nesa da bawul, bai hau kan tsohon faci ba, kuma robar na da sauran taushi. A jefar idan gindin bawul ne ya yage, ko tsaga ce doguwa, ko robar ta yi danƙo ko ta bushe, ko ta yi ninki saboda ta buɗe ta fi tayar girma. A ra'ayina, tiyub ɗin baya da ya kai faci uku ya biya kuɗinsa. Na gaba kuwa, in da hali, sabo nake so tun a hujin farko. Kuɗin tiyub ɗan kaɗan ne a kan na taya.

Tsaya ka ga yadda ake liƙewar. A kankare wurin ya fi facin faɗi, a share garin, a shafa gam siriri, sannan a jira ya sha iska har ya daina sheƙi. Wannan jiran shi ne sirrin, kuma shi ake ci da gaggawa. Facin da aka manna a kan ɗanyen gam yakan ɗago da zarar taya ta yi zafi. Idan facin wuta ne, za ka ga an ɗora ɗanyar roba, an matse da ƙarfe, an zuba ɗan mai a cikin tsohon fistin an kunna. Yana kamawa sosai a hannun gwani, amma wuta in ta yi yawa tana ƙona tiyub ya yi rauni a kewaye, in ta yi kaɗan robar ba ta nuna ba. Wanda ya yanko guntun tsohon tiyub zai manna maka da gam ɗin takalmi ko sufa gulu, ce masa ya bari. Bayan an gama a sake tsomawa a ruwa.

Wajen mayarwa, a ɗan hura tiyub kaɗan don kada ya murɗe ko ƙarfe ya cije shi. Ruwan sabulu ake shafa wa leɓen taya, ba baƙin mai ba, mai yana cin roba. Bawul ya tsaya a miƙe. Idan ka gan shi a karkace tun yanzu, a sake.

Idan tiyubles ce

Gyaran da aka saba shi ne igiyar roba mai danƙo da ake cusawa daga waje ba tare da an cire ƙafa ba. Minti kaɗan an gama, shi ya sa ake son ta. Tana da amfani a kan hanya, kuma takan daɗe, sai dai wanda ya cusa ta bai ga cikin tayar ba, duk abin da na lissafa a mataki na uku bai duba ko ɗaya ba. Gyaran da kamfanonin taya suka amince da shi daga ciki ake yi: a cire taya, a duba, a sa faci mai faffaɗan gindi da jela, jelar ta cika ramin, gindin ya manne ta ciki. Idan ramin ya kai a cusa igiya biyu kafin iska ta tsaya, ya wuce gyara. Haka idan ƙusar a karkace ta shiga sosai, ko sabon ramin yana dab da tsohon faci.

Jefa tiyub a cikin tiyubles da ta huje dabara ce ta wucin gadi. Cikin tiyubles ba santsi gare shi ba, yana iya goge tiyub, zafi kuma yana ƙaruwa. Kuma ba ya warkar da tayar da zarenta ya tsinke. Ruwan nan da ake ɗurawa a taya don toshe huji yana taimakawa a kan ƙaya da ƙananan ƙusoshi, amma ka gaya wa mai faci yana ciki, don sai an wanke shi tas kafin gam ya kama. Wani lokaci kuma ba huji ba ne, rim ne ya lotsa a rami iska ke bi ta leɓe. Ruwan sabulu a zagayen rim zai tona shi.

Mataki na shida: wace ƙafa, kuma wane aiki?

Rami iri ɗaya ba ya samun amsa iri ɗaya. Ƙafar baya idan ta fashe, mai gwaninta yakan iya riƙe mashin. Ta gaba idan ta fashe ana gudu, da wuya a tsira daga faɗuwa, domin ita ce sitiyari, kuma mafi yawan ƙarfin birki a kanta yake sauka. Duk abin da ka yi shakka a kansa a ƙafar gaba, canza.

Sai aikin mashin. Malamin makaranta da ke zirga-zirga daga Bolari zuwa Jekadafari shi kaɗai, a hankali, zai iya zama da taya mai faci har zanenta ya ƙare. Wanda ke ɗauko buhu daga ƙauyukan Dukku zuwa Tudun Hatsi, ko kayan gwari daga Dadin Kowa, ko yake goya mutum biyu a titin Bauchi da rana tsaka, lissafinsa daban ne. Duba gefen tayarka, bayan girma za ka ga lamba da harafi, misali 3.00-17 50P. Wannan 50 na nufin kilo 190 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka, P kuma kilomita 150 a awa. Mashin kansa ya haura kilo 100, ga kai, ga buhun masara mai kilo 100 da aka ɗaure a baya, mafi yawan nauyin a kan ƙafar baya. Lafiyayyar taya ma tana bakin iyakarta, balle mai rauni.

Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira kuma ta faɗi, kuɗin taya ya zama abin da sai an yi shiri. Amma yi lissafin duka: kuɗin faci, awannin da ka yi a zaune fasinja na wucewa, turawa a rana, ga balas, wato kuɗin da za ka kai wa mai mashin, na jiran ka da yamma. Tayar da ke kai ka wurin mai faci duk mako ta riga ta fara cin kuɗin sabuwa. 'Yan acaɓa masu dabara sukan ware wani abu kullum a asusu ko adashi saboda taya da sarƙa. Idan mashin na maigida ne, kada ka tsaya bayani da baki, ɗauki tayar ka kai masa, ka buɗa tsagar a gabansa. Kuma kada ka mayar da siɗaɗɗiyar tayar baya zuwa gaba don ka sayi ɗaya kawai.

Idan hukuncin ya faɗa kan sabuwa

Sayi girman da kamfani ya sa wa mashin. Kada lambar nauyi ta gaza ta tsohuwar. Mai ɗaukar kaya ya nemi 6PR ko sama a baya, wato alamar ƙarfin zaren taya da ake rubutawa a gefenta. Karanta lambar shekara a shago kafin ka biya, domin taya na tsufa ko ba a hau ta ba. Duba leɓenta ko ya lanƙwashe: akwai masu shigo da taya da ke cusa wata cikin wata don rage kuɗin dako da na fito, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irinsu, kuma wannan matsi yana lalata wayar leɓe tun kafin a ɗaura.

Gwanjo fa? Shigo da tsofaffin tayoyi yana cikin jerin abin da kwastan ta haramta, amma kowa ya san ana samu. Ba ka san ko an yi tafiya da ita babu iska ba, ba ka san shekarun da ta yi a rana ba, wasu ma da wuƙa ake sake fere musu zane a shafa baƙi. Idan dole ta sa, yi mata duk binciken da ke sama, ciki da waje, kuma kada ta je ƙafar gaba.

Sabuwar taya da sabon tiyub take tafiya, mai girma daidai da ita. Tsohon ya riga ya buɗe, zai ninke a ciki. Idan akwai kibiya a gefen tayar, ta fuskanci inda ƙafa ke juyawa.

Kafin ka bar wurin, da washegari

Iska da geji ake aunawa, ba da matsa yatsa ko ƙwanƙwasa sifana ba. Yawancin ƙananan mashinan nan suna son kusan 25 a gaba a ma'aunin PSI na geji, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya, amma abin da ke littafin mashinka ko takardar da ke manne kusa da sarƙa shi ne gaba. Masu cika iska har taya ta yi tauri don "ta fi gudu" suna rage riƙon titi ne, tsakiyar zane kuma ya riga cinyewa. Da safe ake awo, taya na sanyi. Idan ka auna da rana ka ga ta hau, zafi ne, kada ka rage.

Tunda an kwance ƙafa, duba da kanka: notin ƙafa ya ɗauru, an mayar da fin ɗinsa in yana da shi, sandar birkin baya ta koma wurinta, sarƙa ba ta yi tauri ko sako-sako ba. Taka birki sau biyu kafin ka hau titi.

Ga tayar da aka gyara, kamfanin taya na Dunlop na cewa kada a wuce kilomita 80 a awa cikin awa 24 na farko, kada kuma a ƙara wuce 120 da ita. Sabuwar taya ma tana da santsi, a bi ta a hankali wajen kwana da birki har kimanin kilomita 150. Washegari da safe, kafin ka tayar da mashin, sa geji. Idan iskar ta ragu a dare ɗaya, ko ka ga bawul ya karkata, koma a sake kwancewa tun ba ka ɗauki fasinja ba.